Sikelin Malam Badaru

Shekara talatin ke nan Malam Badaru yana sayen citta a kasuwar wani ƙauye kusa da Godogodo. Aikin reluwe ne ya kawo kakansa Kafanchan, don haka shi sikeli ya gada, ba gona ba. Da ya sunsuna buhu ya san ko cittar ta bushe.

Bana kwamitin kasuwa ya liƙa takarda cewa ba mai ƙara auna citta sai wanda yake da ƙasar gado a garin. Ba a kama sunan kowa ba, amma masu sikeli su bakwai ne, shida kuma suna da gona.

Tun daga ranar, abinci ya daina yi wa Badaru daɗi. Duk ranar kasuwa yakan rataya sikelinsa, yana satar kallon duk wanda ya nufo shi da biro, ko ɗan kwamiti ne.

Kumai, manomin da suka taso tare, ya ce masa, "Malam, tuna da kyau. Ba ka da ko taku ɗaya na ƙasa a nan?"



"Akwai," in ji Badaru. "Inda muka binne Baba."