Ledar da Ban Tsaga Ba

Duk lokacin da na tsaga baƙar ledar dashe, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da taki ya daki hancina, sai in tsinci kaina a bayan gidan kakana a Kamazou. Shekaru sun ja, amma ƙamshin nan bai taɓa barina in wuce salin-alin ba.

A hannun kakana na tashi. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Bayan an rufe masaƙar bai daina tashi da sassafe ba, sai dai ya sa tsohuwar rigar aikinsa ya zagaya bayan gida. Can kabarin kakata yake, an shafe shi da siminti, da ɗan gicciyen ƙarfe a kai. A gefen kabarin akwai fili daidai kwanciyar mutum ɗaya, wanda yake sharewa kullum kamar tsakar ɗaki. Ko kaza ba ya bari ta yi tono a wurin. Idan baƙi sun zo gaisuwa ranar Lahadi bayan coci, yakan nuna musu da sanda ya ce, "Nan ne nawa. Na yi mata alkawari." Mu jikoki mu yi ta dariya, muna cewa Baba ya kama layi tun ba a buɗe ƙofa ba.

Abin da ba na dariya ba shi ne kwazazzabon da ke ƙasa da gidan. Ina ƙarama ɗan rami ne da muke tsallakewa. Kowace damina ruwan unguwa yakan taru ya bi ta nan zuwa rafi, ya yagi gaɓa ya tafi da ita. Kana zaune sai ka ji ƙasa ta rufta, tim, kamar an yar da buhu. Da an ɗauke ruwa kakana yakan auna da taku daga bakin ramin zuwa kabari.

Na gama sakandare ina zaman gida aka kawo shirin matasa unguwarmu. Da safe a dasa itatuwa a bakin kwazazzabai, da rana a koyi sana'a a wani shago a unguwar Television. Ni haɗa sola na zaɓa. Aka ba mu koriyar riga da takalmin roba, kuma in faɗa maka gaskiya, rigar nan ta shiga kaina. Ni da ba a aikena ko sayen gishiri sai an maimaita, ga ni ina tafe mutane na cewa, "Sannunku da aiki." Ranar da aka ce ƙungiyarmu ce za ta dasa malaina a bayan gidanmu, kakana da kansa ya kawo mana kunu.

Matsalar ita ce manya za su zo duba aiki ranar Juma'a, dashen kuma da yawa. Shugaban ƙungiyarmu, wanda bai fi mu da shekara uku ba, ya ce kada mu tsaya tsaga leda, mu jefa a rami mu rufe, ai za ta ruɓe da kanta. Haka muka yi. Kafin la'asar layi ya miƙe sambal, gwanin kyau. Ni na dasa na wajen kabari, na zaɓi wurin da kaina don in burge kakana.

Da kowa ya watse ya durƙusa ya tona gindin guda da yatsa. Sai ga bakin leda.

"Jikalle, ta ina saiwar za ta fita?"

"Baba, haka aka koya mana a tirenin. Yanzu ba irin noman da ba ne."

Ya kakkaɓe ƙasar yatsansa. Sannan ya ce, "Ki zo ranar Asabar mu tone su, ni da ke. Ba za mu kai azahar ba."

Na ce ina da darasi. Ƙarya nake yi. Kunya nake ji abokan aikina su wuce su ga tsoho yana gyara aikin mai koriyar riga.

Shi kaɗai ya fara. Da ɗan ƙaramin magirbi da reza, yana tono, yana tsagawa, yana mayarwa, yana danne ƙasa da tafin hannu. Gwiwarsa ba ta barinsa ya wuce biyu ko uku a rana. Na leƙo ta taga na ga ya fara daga ƙasan kabarin kakata, na ce me ya sa bai fara daga nan kusa ba. Bai ɗago ba ya ce, "Nata tukuna." Kafin ya kai gefen filinsa gwiwar ta kumbura, ta kwantar da shi har ƙarshen damina. Ni kuwa kullum sai in ce gobe.

Damina biyu aka yi. Nasa suka yi tsawo suka wuce ni, nawa suka tsaya cak da jajayen ganye. A ta uku, wata Laraba da rana tsaka, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka ji tim ɗin nan da muka sani, amma kusa. Da muka fita, kabarin kakata na nan, itatuwansa sun riƙe ƙasar. Filin da ke gefe ya tafi baki ɗaya, har bakin siminti.

Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ya sa aka ɗauko masa ɗaya daga cikin dashena a ƙasan ramin. Ledar na nan garau, saiwar ta nannaɗe a ciki kamar dunƙulen hannu. Ya miƙo mini ya ce, "Ajiye wannan tare da satifiket ɗinki." Daga nan ya jingine tsintsiyarsa a bayan ƙofa, ban sake ganin ya ɗauke ta ba.

Da ya rasu, a maƙabartar jama'a aka binne shi, tsakanin mutanen da bai sani ba.

Yau ni nake jagorantar matasa a irin wannan shirin. Suna cewa na cika tsanani, domin ranar farko reza nake raba musu kafin riga, kuma ba wanda zai rufe rami sai na ga tsagaggiyar leda a hannunsa. Unguwar ta canza, gidaje sun cinye gonaki, an yi wa wani sashe na kwazazzabon kwalbati. Malainan kakana sun zama manya, inuwarsu ta rufe kabarin kakata. Nakan je da tsintsiyarsa in share mata, in tsaya daidai inda siminti ya ƙare. Taku ɗaya gaba, inda ya ce nan ne nasa, babu ƙasar da zan share.