Sharaɗin Tsohuwar Tazargade

Tun ina da cikin Hauwa'u nake wannan tunani: in ta yi wayo ta ce in ba ta tatsuniya, me zan ba ta? Guda ɗaya nake riƙe da ita, ita ma rabi ce.

A Lau na girma, a hannun kakata, Maama. In an yi isha'i sai ta jawo kaskon wuta tsakar gida, ta barbaɗa busasshen tazargade a kan garwashi saboda sauro. Hayaƙin yakan tashi a hankali, ga ɗaci ga ƙamshi, taurari su riƙa lilo a bayansa. Da ganyen nan take mana wanka in jiki ya yi zafi, ta kwaɓa shi da man shanu ta shafe mu. Sai ta ce tatsuniya ta iso, mu matsa mata wuri.

Wai wata yarinya ce zazzaɓi ya kwantar da ƙaninta. Ta bi wani ƙamshi har ta haye kogi a bayan kifi, ta tarar da wata tsohuwa mai furfura kamar ganyen tazargade, zaune cikin gonarsa. Yarinya ta durƙusa ta roƙa. A nan Maama takan rage murya kamar ta tsohuwar: "Zan ba ki, jikata, amma da sharaɗi."

Wallahi kullum a nan barci ke ɗauke ni. Da safe in na tambaya sai ta yi dariya: "Ke da kika sayar da kunnenki wa barci? Bari sai dare." Haka muka yi ta yi har ta rasu.

Yanzu ina aure a Jalingo. A kasuwa ana sayar da tazargade cikin leda, a waya kuma ana cewa yana maganin komai. Da Hauwa'u ta yi zazzaɓi na kai ta asibiti. Na tambayi nas game da tazargade, ta ce daga danginsa ake haɗa ƙwayar maganin maleriya, amma kada in jiƙa wa jaririya, don ban san awonsa ba. Na dawo ina ta tunani, ko sharaɗin tsohuwar ke nan? Ko kuwa wani abu ne dabam, wanda Maama ta faɗa a kaina ina barci?

Hauwa'u ta fara haɗa magana. Ba na so in ƙirƙira mata ƙarya da sunan Maama. Don Allah, in kakarku ta taɓa ba ku wannan tatsuniya kuma kun kai ƙarshenta ido biyu, ku faɗa mini abin da tsohuwar ta ce.