Ƙafafun Baba

A shekarun da jam'iyyu suka fi rumfunan kasuwa yawa, mu malaman lakwal, wato makarantar boko, muna yajin aiki har alli ya manta hannuna, a lokacin ne Baba ya fara mantuwa. Da farko hula ce da carbi. Daga baya sai ya yi la'asar, ya tashi ya sake yin ta.

Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai kallon idona, hira kuwa sai dai ta aike. Da likita ya nuna ni ya ce, "Alhaji, wane ne wannan?" Baba ya kau da kai. Na ce, "Likita, kunya ce, ya san ni." Wannan kau da kan nake so ya ɗore.

Likita ya ce magani kaɗan ne, amma tafiyar ƙasa tana kai jini ƙwaƙwalwa, tana rage saurin mantuwar. In riƙa fita da shi kullum.

Ni da tumbina ke riga ni shiga masallaci! Haka muka fara, daga unguwarmu Zariya mu kama hanyar Tsibiri, shi a gaba, ni a baya ina huci kamar tsohuwar mota. Kuma abin ya yi kamar zai yi. In ƙafa ta ɗau zafi sai ya riƙa nuna gonakin hatsi yana faɗin masu su, har da waɗanda suka rasu tun ina goye. Na shiga gaya wa duk Sabon Gari cewa na warkar da ubana da takalmi.

Ƙafafun ne suka warke. Suka yi ƙarfin da ba mai tsare su. Ranar da ƴan makaranta suka fito zanga-zanga ya bi su, aka ce har ya wuce masu tuta. Wata rana kuma muka nema muka rasa, sai a Jiratawa na same shi, zaune bakin lambun wani, ƙafa duk laka.

Ya dube ni tsakar ido, ya yi dariya.

"Bawan Allah, zo ka zauna. Wannan ciki duk naka ne, ko ajiya aka ba ka?"

Na zauna. Ya miƙo mini rabin goro, ya dafa kafaɗata, ya ba ni labarin kokawar da ya yi yana saurayi. Ban taɓa sanin Baba yana da ban dariya ba, ashe a wurinsa na gado.

Na ce, "Baba, mu tafi gida."

Ya ce, "Kai ɗan wane ne?"

Mun ci gaba da fita har ƙafafun su ma suka gaji. Kullum yana jan hannuna yana yi mini ba'a, ina dariya. Ina ta jiran ya kau da kai, bai sake ba.