Akwatin Ƙanƙara a Tashar Poconé

Ban san matar ba. Tana tsaye a bakin motar zuwa birnin Cuiabá, takalmanta duk taɓon fadama, ta rungume akwatin ƙanƙara kamar jariri. Ruwa yana ɗiga daga gindinsa.

"Dona Zuleide, kawo a sa shi ƙasa cikin kaya," in ji direba.

"Kusa da injin? Kanka ɗaya kuwa, Valdemir?"

"Kifi ne ko zinariya?"

"Jinin diloli uku ne da suka mutu suna farfaɗiya a daji, zan kai a gwada. In ya ji zafi, ba mai gane ko irin cutar karnukan ƙauyenmu ce."

Direban ya haɗiye dariyarsa. Kowa a nan ya san kashe karnuka ake yi in aka ce su ne suka yaɗa cuta.

Rigarta cike take da farin gashin kare. Ina tsammanin wani tsohon kare yana can ƙofar gida yana jiranta, wataƙila ma ya fara tari. Ta tsinci silin gashi ɗaya daga rigar, ta daɗe tana dubansa. Ba ta yar ba. Ta sa shi a aljihu, ta ƙara ƙanƙame akwatin, ta hau mota.