Murhun Tanti Safta

Shekara talatin da ɗaya Tanase Burlacu ya yi yana hura wuta a gidan tsofaffi na ƙauyensu, can arewacin Romaniya. Murhu tara ne, irin na tangaran da ake ginawa a kusurwar ɗaki don ɗumama shi, kowanne kuma sai an hauro masa da itace daga tsakar gida. A matakalar nan gwiwoyinsa suka ƙare. Matarsa, kafin ta rasu, takan ce ko da sabulu goma aka wanke shi warin hayaƙi yake yi.

Bana da aka jawo bututun ruwan zafi mai ɗumama ɗakuna aka ce murhu ya huta, Tanase har coci ya je ya kunna kyandir. Aikinsa ya koma murɗa famfo ɗaya da toshe kafofin tagogi da tsumma, don mutanen ƙasar sun fi tsoron iskar da ta shigo ta taga ta fita ta ƙofa a kan mutuwa ita kanta.

Kowa ya saba, ban da Tanti Safta, wata tsohuwar gidan mai shekara casa'in. Tun tana yarinya ba ta san ɗumi ba sai wanda ta jingina bayanta da shi. Kullum da safe sai ta ja kujera ta manne da mataccen murhun, tangaran mai sanyi yana zuƙe ɗan zafin jikinta. Tari ya kama ta. Ta ture tuwon masararta kwana uku.

"Tanti, ɗakin nan fa har gumi nake yi," in ji Tanase.

"Kai da kitsenka. Wutar da ba a gani, wuta ce? Ni ban aike ka ba, je ka huta."

Ma'aikaciyar jinya ta ce in ba ta ci ba zuwa jibi, asibitin birni za a kai ta. Tanase ya ga da yawa da aka kai. Kayansu kawai ake dawowa da su.

Ya daɗe a tsaye a gindin matakala, haushi ya cika shi, na tsohuwar da na kansa. Sannan ya je wajen shugabar gidan ya roƙi a bar shi ya hura wa tsohuwar murhunta.

"Ɗaya kawai," ta ce. "Kuma kai za ka riƙa haurowa da itacen."

Ya sani.

Da rana tangaran ya ɗauki zafi. Tanti Safta ta jingina, ta lumshe ido, can ta miƙa hannu aka ba ta cokali.

"Itacenka ɗanye ne," ta ce, bakinta cike da tuwo. "Gobe ka zo da wuri."

Tanase ya ɗauki kwandonsa, ya dafa bango ya fara sauka a hankali. Saura wata biyar sanyi ya wuce.