Na San Akwai Guba a Tukwanen, Na Ci Gaba da Sayarwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina so in rubuto muku wannan labari, kunya ke hana ni. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

Lokacin da abin ya faru ina sayar da kayan girki a Babbar Kasuwa ta Yamai. Daga ƙauye na zo tun ina saurayi, na sha wahala kafin Allah Ya ba ni shago nawa na kaina. Ina da mata da ɗiya guda, muna haya a unguwar Banifandu. Ni mutum ne mai ganin ya san sana'arsa. In na ɗaga tukunya na ƙwanƙwasa gindinta, sai in faɗa maka ko za ta yi ƙarko ko ba za ta yi ba. Mata sun yarda da ni ƙwarai, har iyaye kan zo in haɗa wa ɗiyansu kayan ɗaki ba tare da sun duba ba.

Wata shekara wani dillali da muka saba ya kawo mini samfurin wasu tukwane da aka shigo da su daga waje. Suna da nauyi, suna ƙyalli, murfinsu na zama daram, ga kuma araha. Babu sunan kamfani a jikinsu ko a kwalinsu, sai lambar girma kawai. Na tambaye shi da wane ƙarfe aka yi su, ya ce alminiyam ne kamar na kowa. Ban ƙara tambaya ba. Na ɗauki masu yawa na cika magazan ɗina, wato ɗakin ajiyar da ke bayan shago, na kuma ware saiti ɗaya na kai wa matata. Ta yi murna. Matsakaiciyar ta mai da ita ta miya, ƙaramar kuwa ta ware ta don kunun tsamiyar yarinya. Abin da ya rage na miyar tumatir ko ta yakuwa, cikin tukunyar yake kwana, da safe a ɗumama.

Bayan wasu watanni matata ta ce mini cikin tukwanen ya yi duhu, ya fara yin ƙananan ramuka, in ta goge da farin tsumma sai ya fito toka-toka. Ta ce hankalinta bai kwanta ba. Na yi mata dariya, na ce kowace sabuwar tukunya haka take yi, ta tafasa ruwan lemun tsami a ciki ta dirje da soson ƙarfe. Ta yi yadda na ce. Daga baya na gane cewa babu shawarar da ta fi wannan muni.

Ɗiyarmu a lokacin tana kusan shekara uku. Yarinya ce mai surutu, tana haɗa Hausa da Zabarmanci saboda yaran maƙwabta, duk gidan hayar an san muryarta. Sannu a hankali ta fara ƙin abinci. Sai ciwon ciki, sai ta yi kwana uku ba ta yi bayan gida ba, sai kuka ba dalili. Tafin hannunta ya yi fari. Mun yi maganin masassara, mun yi na tsutsar ciki, kakarta ta aiko da jiƙo daga gida, an yi mata rubutu ta sha. Ta kan ɗan samu sauƙi, abin ya dawo. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne maganarta da ta ragu. Kalmomin da ta iya sai ta daina faɗinsu, ta zauna tana kallon mutum kawai. Uwarta ma tana yawan ciwon kai da kasala, muka ɗauka gajiyar jinya ce. Ni dai lafiyata lau, don abincin rana a kasuwa nake ci, wani lokaci har na yamma.

A wani gidan likita na yara muka haɗu da wata likita, mace mai haƙuri. Ita ce ta farko da ta zaunar da mu ta yi ta tambaya. Ta tambayi ko ana sa wa yarinyar kwalli, ko akwai mai gyaran batir a gidanmu, ko fentin ɗakinmu na ɓarewa, duk muka ce a'a. Sai ta tambayi a me ake dafa mata abinci. Matata ta kwatanta mata tukwanen, har da zancen tsumman. Likitar ta ɗebi jinin yarinyar da na uwar ta aika wani ɗakin gwaji, ta ce mu kawo ƙaramar tukunyar, akwai wanda zai iya duba ta, kafin nan kuma kada a sake ɗora ko ɗaya a wuta. Mun yi kwanaki muna jira.

Ranar da muka koma ta ce an samu gubar dalma a jinin su biyun, na yarinyar ya fi yawa, an kuma same ta a ruwan tsamin da aka tafasa cikin tukunyar. Ta yi mana bayani cewa irin ƙarfen nan ne mai nauyi da ke cikin batirin mota. Wasu masu ƙera tukwane kan narka tarkacen ƙarafa iri-iri, sai ya shiga ciki, ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Abinci mai tsami da daɗewa a wuta su suka fi fito da shi, dirza cikin tukunya kuma ƙara buɗe masa hanya yake yi. Ta ce jikin ƙaramin yaro ya fi na babba shan wannan guba, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa, mace mai ciki ma tana iya isar da ita ga abin da ke cikinta. Ta rubuta magungunan ƙarin jini, ta faɗi abincin da za a riƙa ba yarinyar, ta ce a dawo a sake gwaji. Da na tambaye ta ko yarinyar za ta koma yadda take, ta ce ba za ta yi mini alkawarin abin da ba ta sani ba. A cikin taksi muna komawa matata ta ce, "Malam, ai na faɗa maka." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake faɗa ba har yau.

Zuwa nan ina iya cewa ban sani ba. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Magazan ɗina cike yake da sauran tukwanen, yawancin jarina na ciki. Washegari na buɗe shago na jera su kamar kullum. Na ce wa kaina ba ni kaɗai ke sayar da irinsu ba, in ban sayar ba na gefena zai sayar. Na ce wataƙila wadda na kai gida ce kawai ta fito da matsala. Na ce manya ba abin da zai same su. Matata ta ɗauka na mayar wa dillalin da kayansa, ni kuma na bar ta a kan haka. Kusan sati uku na yi ina fita daga gidan da ake jinyar ɗiyata, ina zuwa ina miƙa wa matan mutane irin tukunyar da ta kwantar da ita. Har sallah nake yi a sahun gaba.

Wata ranar Laraba da hantsi wata dattijuwa da ta daɗe tana saye wurina ta zo da ɗiyarta, matar wani tela a unguwar Wadata, da tsohon ciki. Suna neman ƙaramar tukunya ta kunu saboda jego. Mai cikin ta ɗauki irin ta gidana sak. Uwar ko dubawa ba ta yi ba, ta ce tunda daga hannuna ne ba sai an duba ba. Na naɗe a leda na miƙa, suka tafi. Na tsaya ina kallon yadda mai cikin ke tafiya a hankali tana dafe da bayanta, ledar na lilo a hannunta. Sun kusa ƙarshen layi na bi su da gudu ba takalmi, na ce, "Hajiya, ku ba ni tukunyar nan. Guba ce a cikinta. Irinta ce ta kwantar mini da ɗiyata." Dattijuwar ta dube ni, ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na faɗa mata gaskiya. Ta ajiye ledar a ƙasa, ta ja hannun ɗiyarta suka wuce. Ba ta sake zuwa shagona ba.

Mutanen layi sun ji, kafin la'asar magana ta zaga. Wasu maƙwabtana suka ce ina ɓata musu kasuwa. Dillalin ya zo ya ce ko'ina ana dafa abinci a irinsu ba wanda ya mutu, shi ma yadda ya saya ya sayar, ba zai karɓa ba. Ban yi musu da shi ba, don maganganun da na yi sati uku ina faɗa wa kaina ne yake maimaita mini. Da yamma na faɗa wa matata kafin ta ji a bakin wasu. Ba ta yi faɗa ba. Ta haɗa kayanta da na yarinyar ta tafi gidan yayanta, ta ce in na gama bin matan da na sayar wa in zo in same ta.

Na bi waɗanda na sani gida-gida, na karɓo tukwanen na ba su wasu, na roƙe su su kai yaransu a auna jininsu. Wasu sun gode, wasu sun zage ni, wata ta hana ni tata ta ce ba ta taɓa samun tukunya mai kyau irinta ba. Tukwanen da na tara da sauran na magazan ban kai wa masu sayen tsohon ƙarfe ba, don narka su za a yi a sake yin wasu tukwanen. Na sa ƙusa da guduma na huda gindin kowace, suna nan kulle har yanzu, ban san inda zan kai su ba. Bayan haka matata ta dawo.

Ɗiyata ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Maganarta ta dawo, tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, yanzu, amma karatu na ba ta wuya, ta maimaita aji ɗaya. Babu mai iya ce mini daga tukunyar ne ko ba daga ita ba. Ni dai kullum na ga tana fama da littafinta, na san abin da zuciyata ke faɗa mini.

Abin da na koya shi ne nauyi da ƙyalli ba su ne lafiyar tukunya ba, ni da nake taƙama da sanin ƙarfe ban san komai ba. Yanzu inoks nake sayarwa, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, da tukunyar baƙin ƙarfe, da kwanonin gilas na ajiye abinci, da tukunyar ƙasa marar fenti daga masu ginin da na sani. Duk abin da ba sunan wanda ya ƙera shi ba na ɗauka. 'Yan uwana mata, kada ku bar miya mai tsami ta kwana a tukunyar da ba ku san asalinta ba. In cikinta ya fara duhu yana ramuka, ku ajiye ta, wanki ba ya fitar da wannan guba. In yaro ya daɗe yana ciwon ciki da rashin jini ba a gane kansa ba, ku faɗa wa likita a me kuke dafa masa abinci. Mu kuma maza, in matan da ke tsaye a kan murhu sun ce wani abu bai yi musu ba, mu saurara.

Da yawa daga waɗanda suka saya a wancan sati uku baƙi ne, ban san sunansu ba, ban san garinsu ba. In akwai irin wannan tukunya a gidanki, wataƙila daga hannuna ta fito. Ki sauke ta daga wuta tun yau, ki kai yaranki a duba su. In kin samu hali daga baya, ki yafe mini.