Ranar da Mai Makulli Ya Nemi Guduma

Shekara talatin da ɗaya Mai Makulli yana zaune a rumfarsa, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: ba a taɓa fasa ƙofa a gabansa ba. Ka kawo masa makullin da haƙoransa suka cinye, zai shafa da yatsa, ya yanka maka sabo kamar ranar da aka saye shi. Da ciniki ya ja baya, sai ya koyi mayar da maɓallan kwamfuta da suka ɓalle, da wani ɗan hantsaki siriri.

Bara hannunsa ya soma rawa. Ya ɓoye wa kowa.

Ran nan da hantsi maƙwabciyarsa ta iso a guje. Matarsa, wadda ciwon mantuwa ya kama, ta kulle kanta a kicin, hayaƙi na fitowa. An gwada wani tsohon makulli, ya karye a ciki.

Da Mai Makulli ya isa gida, ya durƙusa a bakin ƙofar da hantsakinsa. Ga guntun ƙarfen yana gani, aikin minti ɗaya. Sau huɗu yana kama shi, hannun yana zubarwa. Ya danne wuyan hannun da ɗayan, duka biyun suka ɗauki rawa.

"Uwar yara, matsa baya!"

Cikin tari ta amsa, ba ta gane muryarsa ba: "Kada ku fasa. Ku kira mijina, shi yana buɗewa."

Ya ajiye hantsakin a ƙasa, ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba.

"Ku ba ni guduma."